Amsa ga Alhaji kan hawa Ifran a lokacin sanyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da 'yan uwa na wannan zaure, barkanmu da war haka. Alhaji, na saurari saƙonka na daren jiya, inda ka ce hasashen yanayi ya nuna za a yi 'yar dusar ƙanƙara a Ifran, garin da ke kan tsauni a ƙasar Maroko, cikin makon da za ku sauka Fas domin ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, ka kuma tambaya ko ya dace ku ware yini guda ku hau da dattawan tawaga su gani da idonsu, tunda an ce abin kaɗan ne. Ana iya zuwa, ranka ya daɗe, amma ina so ka sake duba hasashen, ka tsaya a kan layin da ya ce sanyi zai ci gaba, domin shi ne zai wahalar da ku.

Tsakanin Fas da Ifran tafiyar kilomita 60 ce da 'yan kai, sai dai kusan dukkanta hawa ce. Fas tana kan kimanin mita 400 daga saman teku, Ifran kuwa tana kan mita 1,665 a tsaunukan Atlas na Tsakiya, kuma bisa ƙa'ida duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan idan kun baro masaukinku ma'auni yana kan digiri 8 kuna kukan sanyi, to za ku isa can ku tarar da shi a bakin sifili. A wannan garin ne aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili ranar 11 ga Fabrairu 1935, wanda shi ne sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a nahiyar Afirka. Faransawa ne suka gina garin a 1929 domin gudun zafin bazara, shi ya sa za ku ga rufin gidajensa a tsaye kamar na Turai, yadda dusar ba za ta taru a kai ba. Wani ya rubuto a nan cewa ya yi aiki a Mambila, saboda haka sanyin tsauni ba baƙonsa ba ne. Gaskiya ne tsayin wuraren biyu ya yi kusa, amma Mambila tana kusa da tsakiyar duniya inda rana ke tsayawa a ka, ita kuwa Ifran tana can arewa, inda a watan Janairu rana ke fitowa a makare, ta bi gefe, ta faɗi da wuri.

Abin da hasashen ya kira kaɗan, ga yadda yake a ƙasa. Iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika, ta bugi tsaunin, ta hau, ta huce, sai ta sauke abin da ta ɗauko. Wani lokaci yayyafi ne mai sanyi, wani lokaci ya zo a gauraye da ƙanƙara ƙanana, wani lokaci kuma dusa ce fara da ba ta wuce kaurin yatsa ba a kan rufin mota da ganyen itace. Da hantsi rana ta taɓa ta sai ta narke, titi ya jiƙe. Da la'asar ta yi sanyi ya dawo, ruwan nan ya daskare ya zama wani siririn gilashi wanda ido ba ya rabe shi da kwalta. Dusa mai kauri kowa yana ganinta, ana turo motocin share hanya, jandarmomi su sauke shingen hanya su tsayar da matafiya har a gama. Wannan siririyar kuwa babu mai tsayar da kowa saboda ita, kuma a kanta ne taya ke sulɓewa a kwana, a kanta ne dattijo mai takalmin fata mai santsin ƙasa ke zamewa a bakin masallaci. Karayar ƙugu ga mai shekara saba'in a ƙasar da ba tasa ba, ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Sannan kada ku ga gari ya washe ku ce an tsira. Daren da babu gajimare ya fi kowane dare sanyi, saboda ɗan ɗumin da ƙasa ta tara da rana yana tashi sama babu abin da zai tare shi, iska mai nauyin sanyi kuma ta gangaro daga kan duwatsu ta kwanta a kwari. Tafiyarku ta faɗo cikin kwanaki arba'in da mutanen Maroko ke kira Liyali, daga 25 ga Disamba zuwa 2 ga Fabrairu, kuma su kansu 'yan ƙasar ba sa wasa da su. Za ku ga mutumin Azru, garin da ke maƙwabtaka da Ifran, ya zuba jallabiyar ulu mai hula a kan riguna biyu ko uku, ya karya kumallo da bisara, wato miyar wake, mai zafi da man zaitun. Jaurar hunturu da muka sani takan sake mu idan hantsi ya ɗaga, wannan kuwa yana shiga bango da katifa ya zauna har tsawon makonni.

Abin da ya fi damuna shi ne dare, ko da a Fas ne. Gidaje da yawa a tsohon gari ba su da na'urar ɗumama ɗaki, kuma na san halinmu, wani zai ce a shigo da kaskon gawayi ko hitar gas a rufe ƙofa da taga. Don Allah kada a yi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, mai barci kuwa ba ya ma sanin ta kama shi. Haka na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas idan banɗakin ba shi da mafitar iska. A ƙara bargo, a kwana da safa da hula, a tambayi mai masauki hitar lantarki.

Idan kun yanke shawarar hawa, ku tashi bayan ƙarfe tara, ku ɗauki direba ɗan yankin wanda ya san hanyar Imuzar, garin da ake bi tsakanin Fas da Ifran, ku juyo kafin la'asar. A duba sanarwar hukumar yanayi ta Maroko da safiyar ranar. Idan gargaɗin ya kai launin ruwan lemo ko ja, a fasa. Kowa ya sa riguna a jere maimakon babbar riga guda, da takalmi mai ƙasan roba mai tsage-tsage, a yi alwala da ruwan ɗumi tun daga masauki, a tsane gaɓoɓi sosai kafin a fita. Masu hawan jini da ciwon zuciya da asma, a ganina, su zauna a Fas, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini yana kuma tayar da ƙirji. Mishlifan, inda ake wasan zamiya, ta fi Ifran tsayi da iska, ku bar wa matasa ita. Dattawa su tsaya a tsakiyar gari wajen mutum-mutumin zaki da aka sassaƙa da dutse, a ɗauki hoto, a shiga shagon shayi mafi kusa.

Alhaji, ka turo mini adadin waɗanda suka haura shekara sittin a tawagar, zan faɗa maka irin motar da ta dace. Wassalamu alaikum.