Filin Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Fim Ɗin Barkwanci Na Sallah Ya Yi Armashi?

Yawancin wasiƙun wannan wata a kan finafinan barkwancin da ake saki lokacin Sallah suka zo. Ga huɗu daga ciki.

Assalamu alaikum. Duk Sallah mukan zauna da iyali mu kalli fim ɗin barkwanci. Wani mu yi ta dariya har ciki ya ƙulle, wani kuma ga manyan 'yan wasa a ciki, amma kafin minti ashirin yara sun watse. Ina bambancin yake? Daga wata mai karatu a Gusau.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bambancin a labari yake, kuma tun a takarda ake gane shi. Fim ɗin Sallah mai kyau yana da mutum ɗaya da wata buƙata ta tsaya wa a wuya, da kuma ranar da ba za a ɗaga masa ba. Sallah da kanta ta tanadi wannan rana. Wanda ya lalace kuwa, an tara masu ban dariya ne kawai, an sa musu sabon ɗinki, aka ce kowa ya yi abin da ya saba.

A ɗauki magidanci mai mata biyu. Ya cika baki a gaban surukai cewa bana rago biyu zai yanka, saura kwana uku Babbar Sallah, kuɗin hannunsa ko ɗan akuya ba za su saya ba. Kafin a ci minti goma dole mai kallo ya san waɗannan abubuwa uku: alkawarin, ranar, da aljihun. Daga nan kowace fitowa aikinta ta ƙara matse shi. Ya je kara, dillali ya haɗa shi da rago mai araha, a gida a gano ido ɗaya gare shi, kuma kowa ya san mai ido ɗaya bai yin layya. Ya ari ragon maƙwabci ya ɗaure a ƙofar gida don a gani, uwargida ta ce ai nata ne, ta aika wa danginta su zo cin nama. Ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu. Fitowar da za a cire ba tare da halin da yake ciki ya canza ba, a cire ta, komai ban dariyarta.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada jarumin ya san abin dariya yake yi. A wurinsa mutuncinsa ne zai zube, zufa yake yi da gaske. Da zarar ya fara zare ido yana karkace baki don a yi dariya, mai kallo ya daina tausaya masa, dariyar kuma ta tsinke. Mutane na dariya ne saboda sun san wannan matsin, wasunsu a makon ma suka fita daga cikinsa.

Sai ƙarshe. Komai ya tarwatse a safiyar Sallah bayan an sauko daga Idi, gaskiya ta fito a gaban kowa, sannan a sasanta. Yafiya da zumunci sun dace da ranar, amma a nuna su a aikace cikin minti uku ko huɗu. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a kawo dattijo ya zauna ya yi nasihar minti goma a kan abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa.

Na ji ana cewa marigayi Ibro ba ya bin rubutu, a take yake ƙirƙirar maganarsa. To me ya sa kuke nacewa a kan rubutu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Malam, abin da Rabilu Musa Ibro yake da shi, Allah ya ji ƙansa, hali ne tsayayye da mai kallo ya sani tun kafin ya buɗe baki. Haka Samanja da Hausarsa ta bariki, haka Karkuzu a Jos, haka Ƙasimu Yero a talabijin ɗin Kaduna. Sun shekara da shekaru suna gina mutum guda, shi ya sa duk inda aka jefa su sun san abin da mutumin zai ce. Tun rasuwar Ibro a Disamba 2014 ake ta kwaikwayon suturarsa da muryarsa, amma ba a cika ɗaukar wancan ginin ba, shi ya sa camama da yawa, wato ƙananan finafinan barkwanci, ke fitowa hayaniya zalla.

Ba mu ce a hana ɗan wasa ƙirƙira ba. A rubuta masa inda fitowar za ta fara, abin da yake nema a cikinta, da maganar da za ta rufe ta. A fara ɗaukar yadda aka rubuta har a samu mai kyau, sannan a ƙyale shi sau ɗaya ko biyu ya yi nasa. A nan kyamara biyu ta zama dole, ɗaya a kan mai magana, ɗaya a kan mai saurare, domin abin da aka ƙirƙira a take ba ya maimaituwa daidai, kuma sau da yawa fuskar wanda aka gaya wa maganar ce ke kawo dariyar. Faɗuwa, gudu ko kokawa da rago kuwa daga nesa ake ɗauka, a ga jiki gaba ɗaya. In aka matso da kyamara kan fuska, abin ya koma kamar an ji ciwo.

Ina shirin yin fim ɗina na farko don Ƙaramar Sallah, zan sa shi a YouTube. Yaushe zan fara, kuma me zan fi kiyayewa? Daga wani matashin furodusa a Kano.

Ka lissafa da baya. Ranar Sallah ba ta tabbata sai an duba wata a daren 29 ga Ramadan, saboda haka fim ɗinka ya kasance a kammale, an ɗora shi yana jiran saki, tun wajen 25 ga wata. Tacewa (wato yanka da haɗa fim a wurin edita), gyaran sauti da na launi ka ba su mako uku zuwa huɗu. Ke nan ɗauka ta ƙare kafin a kama azumi. Barkwanci na cin ƙarfi, ɗan wasa mai azumi a zafin ranar Kano ba zai ba ka abin da kake so ba bayan azahar. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Shafi 80 zuwa 90 ya isa, in kana ɗaukar shafi shida ko bakwai a rana, mako biyu ke nan. Kuma tunda watan Musulunci na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ka duba ko damina ce ko hunturu za ka tarar a lokeshan.

Sauti shi ke kashe finafinanmu fiye da hoto. Maganar ban dariya in ba a ji kalmarta ta ƙarshe ba, ta mutu. Ka sa wa kowane mai magana ƙaramin makirfo a riga, ka ƙara da na sanda daga sama. Ka lura da sabuwar shadda, ƙararta na shiga makirfon riga, sai a manne shi yadda yadi ba zai goge shi ba. Janareta a kai shi bayan katanga da doguwar waya. A kowane ɗaki a yi shiru na daƙiƙa 30 a naɗi sautin wurin, edita zai cike gurbi da shi.

Wajen tacewa, bayan maganar dariya a bar ɗan numfashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba dariyar falo za ta danne magana ta gaba. A guji dariyar inji da ƙarar usur da ake liƙawa a kan kowace faɗuwa. Kafin saki, ka tara mutum goma sha biyar da ba su san labarin ba, har da mata da yara, ka zauna a baya da biro. Duk inda suka ɗauko waya ka rubuta mintin, nan ne wurin yanka. Tirela kuma kada ta kwashe manyan wuraren dariya uku na fim ɗin.

Shin kwaikwayon maganar wata ƙabila ko mai lalura ba ya cikin barkwanci? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Muna da wasan barkwanci na gado, irin na Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, ga na taubasai da na jika da kaka. Ƙa'idarsa ita ce kowa na ramawa. In fim ya ɗauko shi, a bar ɓangare biyun su ci juna. Amma a sa mutum ya zama abin dariya don in'ina, ko makanta, ko don Hausarsa ba ta nuna ba, shi kuma ba shi da bakin ramawa, wannan cin fuska ne, kuma fim ɗin Sallah a falo ake kallonsa, da kaka da jika da baƙin da suka zo yawon Sallah. Ba ka san wanda ke zaune a wurin ba.

Ga kuma doka. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana aiki tun 2001, kuma barkwanci bai fita daga huruminta ba: a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta taɓa ɗaure Ibro kansa a kan wani fim. Mai shirin fim a Kano ya nemi ƙa'idojinta tun yana matakin rubutu, ya duba abin da ya shafi sutura, waƙa, da yadda ake fito da malamai da sarakuna. Gyaran layi a takarda kyauta ne, amma sake ɗaukar fitowa ana saura mako ɗaya Sallah na nufin sake biyan 'yan wasa, kayan aiki da lokeshan.