Fatawa: Aurar da yarinya a Tamanrasat alhali uba ya ɓace kuma babu takardu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tawa ne, asalinmu wani ƙauye ne a yankin Illela. Yayana ya tafi biɗa Aljeriya da matarsa da ƴaƴansu huɗu, suna zaune a Tamanrasat ba su da takardar zama. Daga baya ya tsallaka Libiya shi kaɗai neman aikin da ya fi tsoka, kuma yau wata takwas ke nan ba mu ji muryarsa ba. Wasu sun ce an kama shi a Sabha. Babbar ƴarsa tana da shekara 15, ta shaƙu da wani yaro ɗan shekara 18, shi ma ɗan yankinmu na Adar ne, lebura a wurin gini, kuma shi ma ba shi da takarda. Uwarta ta ga saƙonninsu a waya, hankalinta ya tashi, tana so in ba da wakilci ta waya a ɗaura musu aure a ɓoye cikin ɗaki, don kada taro ya jawo ƴan sanda, kuma don in an yi kame a kwaso su tare. Mahaifinmu ya rasu, ƙanin yarinyar kuma shekararsa 11. Shin ina da ikon aurar da ita? Auren da babu takardar hukuma ya inganta? Soyayyar tasu kuma laifi ce da za a hore su a kanta?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah Ya bayyana ɗan'uwanka cikin lafiya, Ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka furta kalmar da ba a iya janye ta.

Abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne kada ka ba da wannan wakilci a yanzu, ko da walicci ya tabbata a hannunka, domin auren da aka siffanta maka ba zai magance tsoron da ya sa ake neman sa ba, sai dai ya ƙara wa yarinyar wani nauyi a kan wanda take ɗauke da shi. Ga dalilaina.

Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne iyaye suka fi zaluntar yara ba da nufi ba. Karkatar zuciya ba zunubi ba ce, kuma shari'a ba ta kama mutum a kan abin da ba shi da iko da shi. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas labarin Mugisu, wanda yake bin matarsa Barira a baya yana kuka har hawaye na jiƙa gemunsa bayan ta zaɓi rabuwa da shi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba, bai kira shi marar kunya ba. Ya je ya nema masa alfarma a wurinta, kuma da ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, ya ƙyale ta. Wannan hadisi ya nuna cewa ana tausaya wa mai so, kuma ba a tilasta wa mace. Yarinyar da ta girma a ƙasar da ba ta iya fita ƙofa sai da fargaba, ba makaranta, uba ya ɓace, uwa na faman neman abin da za a ci, in ta sami wanda yake mata magana mai daɗi da harshen garinsu, babu mamaki zuciyarta ta rataya a kansa. Don haka duka da zagi da kunyata ta gaban maƙwabta haramun ne, kuma sau da yawa shi ne ke tura yarinya ta gudu da wanda ake tsoron ta gudu da shi.

Abin da shari'a ta hana shi ne ayyukan da ake ɗorawa a kan son: keɓewa ba tare da muharrami ba, taɓa juna, maganar batsa, da aika hotunan da ba su dace ba. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 32, kada a kusanci zina, kuma hanin ya haɗa da hanyoyin da ke kai wa gare ta. Na san irin zaman da mutanenmu ke yi a can, iyalai da yawa a gida ɗaya, manya su fita tun asuba su bar yara. Tsoron uwar yana da tushe, ba na raina shi.

Sai walicci. Uwa ba ta ɗaura wa ƴarta aure, wannan babu saɓani a kansa a mazhabar Imam Malik, ƙanin yarinyar kuma bai balaga ba, don haka ba shi da walicci. Uba shi ne mai haƙƙi na farko muddin yana raye kuma ana iya samunsa. Shehu Khalil ya bambanta halaye a Mukhtasar ɗinsa: uban da ke kusa ana aika masa a jira amsarsa, wanda ya yi nisa ƙwarai alƙali ne ke aurar da ƴarsa, wanda kuwa aka kama shi ko ya ɓace, walicci yana komawa ga na bayansa cikin dangi. A halin da ka faɗa, na bayan nan kai ne. Amma ba a ce mutum ya ɓace don jita-jita, sai an nema an rasa. Wata takwas a Libiya ba ta isa a yanke ƙauna ba, domin mun sha ganin waɗanda aka tsare a gidajen kaso ko a hannun masu neman kuɗin fansa sun buga waya bayan an fid da rai da su. Wajibi ne ka bi sawunsa ta bakin ƴan garinku da ke Sabha, ka kuma kai sunansa ga ƙungiyar Croix-Rouge, wadda take da sashen neman waɗanda suka rabu da danginsu. Sannan ko da waliccin ya dawo gare ka, ba irin na uba ba ne: Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗa ƙarara cewa wanda ba uba ba, ba ya aurar da budurwa sai ta balaga kuma ta yarda. Yardar da aka samo daga yarinyar da aka tsare a lungu da wayarta a hannun uwarta, tana rawar jiki don kunya, ni ban ɗauke ta yarda ba. Sai ka ji daga bakinta a lokacin da hankalinta yake kwance.

Game da takarda, rukunan aure a wurinmu su ne waliyyi, da sadaki, da ango da amarya waɗanda babu abin da ya hana su auren juna, da lafazin ɗaurawa, sannan shaidu biyu adilai kafin tarewa. Takardar hukuma ba ta cikin waɗannan, don haka dubban ƴan'uwanmu da aka ɗaura wa aure a Tamanrasat ko Sabha ko Abidjan ba tare da rajista ba, aurensu ingantacce ne, ƴaƴansu kuma ƴaƴan halal ne, kada wani ya jefa musu shakka. Wakilci ta waya ma ya halatta in an tabbatar da muryar mai bayarwa a gaban shaidu. Rashin kiɗa da taro bai ɓata aure. Abin da yake ɓata shi shi ne a umarci shaidu su ɓoye shi ga mutane, wanda shi ne auren sirri. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an kawo wa Sayyidina Umar auren da namiji ɗaya da mace ɗaya kaɗai suka shaida, ya ce wannan auren sirri ne, ba zai zartar da shi ba. Gudun idon ƴan sanda daban, ɓoye wa dangin yaro da maƙwabta daban.

To amma ingancin ɗauri abu ne, halaccin waliyyi ya jefa marainiyar hali cikin cuta kuma wani abu ne, kuma a nan nauyinka yake. Walicci amana ce ta duba maslahar yarinya, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Uwar tana zaton in an yi kame za a kwaso su tare saboda mata da miji ne. Wa zai gaya wa jandarma haka, da wace shaida? Tun ƙarshen 2014 Aljeriya take maido da ƴan Nijar cikin ayarin manyan motoci zuwa Asamaka, garin kan iyaka a ɓangaren Nijar, ƴan wasu ƙasashen kuma ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro su taka kilomita 15 a cikin rairayi, kuma a 2024 kaɗai waɗanda aka koro sun haura dubu 30. Ana kama namiji a wurin gini da rana, ana kama mace a titi ko a gida da dare, babu mai tambayar wa ya auri wa. Iyaye ma an raba su da ƴaƴan cikinsu a irin wannan kame, balle auren da babu rubutunsa. Dokar iyali ta Aljeriya kuma ta sa shekara 19 ga namiji da mace, saboda haka wannan aure ba shi da ƙofar rajista a can ko da suna da takardar zama, sai in alƙali ya ba da izini na musamman.

Ka ɗauka an kama yaron bayan wata uku, ko ya bi sawun surukinsa zuwa Libiya, kamar yadda samarin Adar da yawa suke yi in aiki ya tsaya. Yarinyar ta zama matar wanda ba a san inda yake ba, ba ta da miji a hannu kuma ba ta da damar auren wani. Hukuncin matar wanda ya ɓace, kamar yadda Sayyidina Umar ya yanke, shi ne jiran shekara huɗu sannan idda ta wata huɗu da kwana goma. Gaskiya ne malamanmu sun ba ta damar neman rabuwa tun kafin haka saboda rashin ciyarwa, amma sai ta kai ƙara, kuma wane alƙali za ta tunkara a ƙasar da take ɓuya a cikinta? Uwarta tana cikin wannan hali yau, bai kamata mu shigar da ƴar cikinsa da hannunmu ba. In kuma ciki ya shiga, ƴar shekara 15 za ta yi naƙuda a inda take tsoron zuwa asibiti, alhali doguwar naƙuda ita ce ke jawo yoyon fitsari da mutuwar uwa ko ɗa. Jaririn kuma zai tashi ba takardar haihuwa, abin da zai bi shi har ranar da zai nemi zama jarrabawa ko katin ɗan ƙasa.

Akwai kuma sharaɗin iko. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kira samari su yi aure in suna da halin ɗaukar nauyinsa, wanda ba shi da hali kuma ya yi azumi, Suratun Nur aya ta 33 kuma ta umarci waɗanda ba su sami halin aure ba su kame kansu har Allah Ya wadata su. Talauci ba aibi ba ne, lebura mai cin guminsa ya fi mai kuɗin haram daraja a wurin Allah. Sai dai yaron da ba shi da ɗakin kansa, wanda mai gini zai iya hana shi ladansa ba shi da inda zai kai kuka, bai kai matsayin da za a danƙa masa amanar yarinya ba tukuna.

Ban ce a raba su ba. Ibn Majah ya ruwaito cewa ba a ga abin da ya dace da masoya biyu kamar aure ba, kuma ina fatan nan ne ƙarshen maganarsu. Hanyar ita ce a fito da al'amarin fili. Yaron ya turo manyansa su same ka a nan Tawa, tun da dukanku ƴan ƙasa ɗaya ne, ka bincika asalinsa da addininsa da halinsa, in sun gamsar da kai kuma yarinyar ta nuna tana so, ka karɓi maganar a matsayin neman aure, ba ɗauri ba, kuma da sharaɗin cewa in uban ya bayyana maganarsa ce gaba da taka. Daga nan zancensu ya koma gaban uwa, yaron ya san an san shi, yarinyar ta san ba a ƙi ta ba. Alkawari irin wannan bai halatta musu keɓewa ba, amma yana kwantar da zuciya, kuma in ƙaddara ta raba su babu igiyar da za ta riƙe ta.

Abin da na fi so, kuma nake ganin ya hau kanka in kana da hali, shi ne ka nemi a dawo da yarinyar hannunka tare da uwarta da ƙannenta, ko aƙalla tare da amintaccen muharrami, ta hanyar da aka sani, ba ta ɓarauniyar hanya ba. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 ba, galibinsu mata da yara. In ta iso, ka nema mata takardar haihuwa ta kotu in ba ta da ita, ka sa ta islamiyya da koyon sana'a. Ƴar ɗan'uwanka ƴarka ce, kuma ciyar da ita a wannan hali sada zumunci ne mai lada biyu. Ka gaya wa uwar da taushin murya cewa fita neman halal ba abin kunya ba ne, kuma abin da ta samu da guminta halal ne ko da ba ta da takardar zama, amma zaman da ke jefa yara cikin haɗari ko bara ba a dawwama a kansa in an sami mafita.

Idan kuwa dawowar ta gagara, neman uban ya ci tura, yarinyar ta ƙara girma, kuma ya tabbata a wurinku da hujja, ba da zato ba, cewa jinkiri zai kai su ga haram, to a lokacin ya halatta ka aurar da ita bayan ka sanar da alƙali ko sarkin garinku. A rubuta auren da sunayen shaidu da adadin sadaki da ranar ɗauri, a ajiye kofi ɗaya a wurinka a Tawa, sadakin ya shiga hannunta, kuma angon ya furta a gaban shaidu cewa in ya yi wata shida ba ya nan ba aike ba labari, al'amarinta yana hannunta, ta saki kanta in ta so, kamar yadda malaman mazhabarmu suka daɗe suna rubutawa a takardun aure. Ranar da suka taka ƙasar Nijar kuma su kai shi ma'aikatar magajin gari a yi rajistarsa.

Allah ne Mafi sani.