Kayan Inna sun cika mini ɗaki, na kasa taɓa su

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata. Da aka raba gado, kwallayenta da akwatunan zannuwa suka faɗo a rabona, na haɗa su da tarkacena: tsofaffin robobi, kwalabe, kayan da suka yi wa yara kaɗan. Yanzu ko sallaya zan shimfiɗa sai na yi ture-ture. Duk ranar da na ɗaura niyyar gyara, ina buɗe akwati sai ƙirjina ya yi nauyi, in mayar in rufe. Maigida ya fara cewa ƙazanta ce. Lalaci ne ko ciwo? Daga wata 'yar'uwa a Domayo, Marwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. 'Yar'uwa, malalaciya ba ta buɗe akwatin ma, balle ƙirjinta ya yi nauyi. Abin da kike ji yana da tushe.

Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura cewa tsakanin abin da mutum ya gani da abin da ya ji a ransa akwai wata 'yar magana da zuciya ke raɗawa, da sauri har ba a ankara. Ɗauki kwallar nan da fentin bakinta ya ɓare, wadda Inna ke zuba tuwon sallah a ciki. Hannunki na kai wa gare ta, zuciya ta ce: "In na bayar da ita, na yar da uwata." Wannan maganar ce ke danne ƙirjinki. Wace 'ya ce za ta iya yar da uwarta? Dole ki rufe akwati. Don haka nan gaba, in nauyin ya taso, ki tsaya ki tambayi kanki me kika faɗa wa kanki yanzun nan, ki furta shi a fili, sannan ki auna shi: tarbiyyar da ta ba ki, da addu'ar da kike yi mata bayan kowace salla, a cikin kwalla suke?

Robobi da kwalabe kuwa maganarsu daban ce: "ajiya maganin wata rana." Gaskiya ce, musamman ga wanda ya taɓa nema ya rasa, kuma ban raina ta ba. Sai dai ɗan Adam yana ƙara wa abu daraja don kawai nasa ne. A wani bincike da aka buga a 1990, Daniel Kahneman da abokan aikinsa biyu sun raba wa wasu ɗalibai kofuna. Da aka ce su sayar, waɗanda aka bai wa suka nemi kusan ninki biyu na kuɗin da waɗanda ba a bai wa ba suka yarda su biya. Kofi ɗaya ne fa. Gwajin da nake ba mutane shi ne: da a kasuwa kika ga robar nan yau, za ki fitar da ko sefa 100 ki saya?

Cunkoson kuma yana komawa jiki. Wani bincike na 2010 a Los Angeles ya nuna matan da ke kwatanta gidajensu da tarkace da aikin da bai ƙare ba, sinadarin damuwa na kotisol ba ya sauka musu da yamma yadda ya kamata. Ɗaki ya gajiyar da ke, gajiya ta hana ki gyara ɗaki.

Kada ki fara da akwatin Inna. Ki fara da robobi, minti 15 da sassafe kafin rana ta yi zafi, kusurwa ɗaya tak, kuma abin da kika ware ya bar gidan a ranar, don in ya kwana zai koma inda yake. Sai hannu ya saba za ki zo kan zannuwan, tare da wata 'yar'uwarki da ta san Inna. Ki zaɓi biyu ko uku da kika fi tuna ta da su. Sauran, tunda rabonki ne, ki nemi mabuƙata ki ba su da niyyar Allah ya kai mata ladan. Zanen da ke akwati asu da ƙurar hunturu ne ke cin sa. Wanda ke jikin marainiya sutura ce. In kuka ya zo, ki bar shi ya zo.

Maigida kuma ki zaunar da shi ki gaya masa maganar da zuciyarki ke faɗa, ki roƙe shi kada ya kwashe komai a bayan idonki, domin hakan yakan ƙara tsananta abin.

Akwai inda lamarin ke zama ciwo, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tara kaya marar iyaka a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. In kin ga ko leda ba kya iya yarwa, ko barci da abinci sun ƙaurace miki makonni, ki je asibiti ki nemi ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ki faɗa masa komai kamar yadda kika rubuto mini.