Tambaya da Amsa: Yadda Ake Shirya Taron Kiɗan Gwaji a Birni

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga kiɗan gwaji, wato kiɗan da makaɗi ke barin hanyar da kunne ya saba ya nemi sabon sauti, ko da kwamfuta, ko da kayan kiɗan da aka sani amma aka kaɗa su ta wata fuska, ko ma da ƙarfe da gilashi da ruwa. Masu haɗa sauti da masu shirya taro ne suka amsa.

Tambaya: Mu huɗu ne, muna son fara irin wannan taro. Mun samu babban zaure mai kujera 500 da rangwame. Mu kama?

Amsa: Malam, ku bar shi ko kyauta aka ba ku. Mutum 40 a zauren mutum 500 kowa zai ɗauka taro ya watse, alhali su ɗin nan a ɗaki mai cin mutum 60 sai a ce wuri ya cika maƙil. Ku nemi mai cin 50 zuwa 80. Cafe Oto da aka buɗe a Landan a 2008 ƙaramin wuri ne, abin da ya yi masa suna shi ne kusan kowane dare ana kiɗa a cikinsa.

Kafin ku biya ko sisi, ku je wurin a daidai ranar mako da lokacin da za ku yi taron. Ku rufe ƙofa, kowa ya yi tsit na minti biyu. A nan za ku ji firij, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da motocin titi, da rediyon maƙwabta. Kiɗan rawa yana danne waɗannan duka, amma kiɗan gwaji sau da yawa yakan sauka ƙasa ƙasa har a ji numfashin mai busa, sai firij ya zama ɗaya daga cikin makaɗa. Ku tambayi mai wurin tun yanzu ko zai yarda a kashe su yayin kiɗa.

Sai ɗayanku ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan amon ya daɗe kamar daƙiƙa biyu kafin ya mutu, ɗakin zai yi wa murya da sauti mai ja daɗi, amma ganguna da kiɗan kwamfuta mai sauri za su cakuɗe. Idan kuka ji wata karkarwa mai sauri bayan tafin, bango biyu ne masu fuskantar juna ke jifan juna da sauti. Maganinta labule mai kauri, a tattare shi, a rataye shi kamar taƙi ɗaya daga bango, da kafet a inda makaɗa za su tsaya. Siririn soso da ake mannawa a bango sauti mai kaifi kaɗai yake sha. Ba ya hana ƙugi mai kauri ratsa bango, kuma wannan ƙugin ne ke haɗa ku faɗa da maƙwabta. Ku tuna kuma jikin mutane yana shan sauti, don haka ɗakin da ya yi kuwwa lokacin gwaji zai lafa idan ya cika. Daga ƙarshe ku ƙirga soket, ku tabbatar akwai ƙofar fita biyu da ba a tare ba.

Tambaya: A taronmu na farko, da zarar an haɗa laftof da mikisa (na'urar haɗa sauti) sai lasifika ta kama wani ƙugi da ba ya yankewa. Lasifikar ce ta lalace?

Amsa: Da wuya. Yawanci na'urori biyu ne suka haɗu ta wayar sauti, kuma kowacce tana da tata hanyar zuwa ƙasa, wato ƙafa ta uku ta fulogi da ke kare mutum daga jan wuta, ta soket dabam. Sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta wayar sautin, kunne ya ji ta a matsayin ƙugi. Gwajin ba wuya: zare cajar laftof ɗin, bar shi a kan batir. In ƙugin ya ɗauke, ka kama ɓarawo. Sai ka sa ƙaramin akwatin nan da ake kira DI tsakanin laftof da mikisa, ka danna maɓallinsa na raba ƙasa, daga shi ka ja wayar XLR mai ƙafa uku zuwa mikisa. Wayar jita da ta ƙaramin jak kada su wuce mita biyar, domin in sun yi tsawo suna kwaso hayaniya. Kayan sauti duka su sha wuta daga layi ɗaya, fitilu masu rage haske da firij su koma wani layin.

Akwai masu karya ƙafar ƙasa ta fulogi don su kashe ƙugi. Yana kashewa, amma ranar da wata waya ta saɓule a cikin na'ura, jikin wanda ya riƙe makirufo ne zai zama hanyar wutar. Kada ka yarda a yi maka wannan dabara.

Wajen kunnawa, kayan kiɗa da mikisa ne farko, amfilifaya da lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa a juya. In an saɓa, ƙarar "fam" ɗin nan da ke fita tana iya ƙona lasifika. Masu kiɗan gwaji kuma suna son ƙaramin makirufon da ake mannawa a jikin abu. In ka cusa shi kai tsaye a mikisa sautinsa zai fito siriri ba nauyi, sai ya bi ta DI mai aiki da wuta, wanda mikisa ke ba volt 48. Kuma ka sa na'urar taƙaita ƙara a mafitar mikisa, domin mai wasa da kukan lasifika da gangan yana iya kuskure da yatsa ɗaya.

Tambaya: Rabin mutane sun tashi kafin makaɗi na biyu ya gama. Ko dai jama'a ba sa son irin wannan kiɗa ne?

Amsa: Malama, duba tsarin daren tukuna kafin ki zargi jama'a. Kunnen da ke sauraron abin da bai saba ba yana saurin gajiya. Makaɗa uku sun isa, kowa minti 20 zuwa 30, da hutun minti 15 a tsakani. Abin da ya fi korar mutane shi ne zaman jiran a kwance wayoyi a sake haɗawa. Don haka mako biyu kafin taro ki karɓi takarda daga kowane makaɗi: kayan da zai zo da su, layi nawa yake buƙata a mikisa, soket nawa, tebur ko kujera. Kowa ya haɗa kayansa a teburinsa tun da rana, a lokacin canji ɗaga tebur kawai za a yi. Gwajin sauti kuma daga baya ake farawa: mai rufe taro ya fara, mai buɗewa ya ƙare, kayansa su zauna a wurin a shirye.

Kafin kowane kiɗa a yi bayani na minti ɗaya: da me za a kaɗa, tsawonsa nawa. Wanda ya san minti 20 zai zauna yakan jure, wanda bai san ƙarshen abu ba shi ke duban ƙofa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1918 marubucin kiɗa Arnold Schoenberg ya kafa wata ƙungiya a Viyana, babban birnin Ostiriya, don sabon kiɗa. Ya hana tafi da ihun ƙi, ya hana 'yan jarida masu suka shiga, kuma yakan maimaita kiɗa ɗaya a taruka dabam dabam don kunne ya saba. Hauhawar farashi ta kashe ƙungiyar a 1921. Hana tafi ya yi tsauri a ganinmu, amma maimaitawar abin koyi ce. Ki tsayar da rana ɗaya a kowane wata, a wuri ɗaya, ki fara a kan lokaci ko mutum goma ne suka zo.

Tambaya: Wani makaɗi ya ce kiɗansa sai da ƙara mai girgiza ƙirji. Ina iyaka?

Amsa: Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren kiɗa ya ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. Ka auna da mita a inda jama'a suke, manhajar waya kimantawa kawai take yi. Ka ajiye abin toshe kunne a bakin ƙofa, ka sanar tun a talla cewa akwai ƙara, ka ware wurin da mutum zai fita ya huta. Irin wannan makaɗi a ƙarshe ake sa shi, don bayansa kunne ba zai ji kiɗa mai sanyi ba.

Tambaya: Yaya za mu yanka kuɗin shiga, kuma me za mu ba makaɗa?

Amsa: Ku haɗa hayar wuri, da ta kayan sauti, da ladan mai haɗa sauti, da kuɗin motar makaɗa da haƙƙinsu, ku raba a kan rabin kujerun. In ɗakin na mutum 60 ne, ku raba gida 30. In abin da ya fito ya fi ƙarfin masu zuwa, ku rage kashe kuɗi ko ku nemi tallafin cibiyar al'adu ko jami'a, kada ku sa rai ɗaki zai cika. Makaɗa kuwa ko dai a yanka musu kuɗi tsayayye, ko a ba su kaso daga abin da aka samu a ƙofa bayan cire hayar wuri. Ko wanne kuka zaɓa ku rubuta, ku biya a daren. A takardar nan ku sa ko sun yarda a naɗi sauti da bidiyo a ɗora a intanet. In kuma kiɗan wani marubuci za a kaɗa, sai an nemi izini daga gare shi ko daga kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mallakarsa kafin a buga talla.