Da wane irin mazubi ya kamata in tari tsohon baƙin mai idan zan yi wa mota juye a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in fara yi wa motata juye da kaina. Ƙaramar mota ce mai silinda huɗu, littafinta ya ce tana cin lita 4.5 na baƙin mai. Ina da wata roba mai cin lita 5. Za ta yi, ko sai na nemi wani abu daban?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, robar nan ba za ta yi ba, kuma dalilin farko shi ne girma. Mazubin da ya cika har baki ba ya jawuwa daga ƙarƙashin mota ba tare da ya fantsala ba, ga kuma abin da zai zubo daga filta, wanda yakan kai kwatan lita ko fiye. Ka nemi wanda ya ninka abin da injin ke ci sau ɗaya da rabi. A motarka, lita 7 zuwa 8 ke nan. Manyan motoci masu silinda shida ko takwas, da masu amfani da dizal, suna iya cin lita 6 zuwa 8 ko fiye, su sai mai lita 12 zuwa 15.

Amma inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen faɗi. Da zarar ka zare notin juye, man ba ya sauka kai tsaye, musamman idan notin a gefen tukunyar mai yake ko a karkace. Da ƙarfi yake fitowa, ya yi tsiri ya faɗa nesa da ramin da kamar taƙi guda, sannan yana raguwa yana dawowa baya har ya koma ɗiga daidai ƙarƙashin ramin. Ƙaramin baki zai tari farko ya rasa ƙarshe, ko ya tari ƙarshe ya rasa farko. Saboda haka bakin mazubin ya kai santimita 40, kuma ka ajiye shi yadda ramin zai kasance kusa da gefe ɗaya, sauran faɗin yana ɓangaren da man zai harba. Idan a waje kake aikin, iska ma tana kaɗa siririn man da ke zuba a ƙarshe.

Sai tsayi. Dole a sami wurin da hannu da sifana za su shiga tsakanin mazubin da notin. Mai tsayin santimita 10 zuwa 15 ya isa yawancin ƙananan motoci. Ka gwada tura shi babu komai a ciki kafin ka taɓa notin. Idan sai an ɗaga motar, a sa mata madogarar ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Game da abin da aka yi shi da shi: man injin da ya yi tafiya yakan kai digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyas. Duba gindin robar, za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 da lamba 5 suna jure mai da zafi, muddin robar mai kauri ce. Lamba 1, irin ta gorar ruwan sha, tana fara lanƙwasa tun kusan digiri 70, ka guje ta. Siririyar roba ma matsala ce ko da ba ta narke ba, don lita 4.5 ta kusa kilo 4, idan ka ɗaga sai ta lotsa a tsakiya man ya kwararo. Bahon ƙarfe yana jure zafi sosai, sai dai yana ƙona hannu. Ko da wanne za ka yi, ka ta da injin minti biyar kawai ya yi ɗumi, ko ka bar shi ya huce kamar minti 20 in daga tafiya ka dawo.

Waɗanda ake ƙerawa don wannan aiki iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe mai hannu da ɗan bakin tsiyaya, akwai kuma rufaffe mai kama da jarka a kwance, man ya zuba a samansa ya bi rami ya shige ciki. Rufaffen yana da daɗin ɗauka, amma yana da tarko: akwai ƙaramin murfin iska a jikinsa, in ka manta ba ka buɗe ba, man ba zai shige da saurin da yake zubowa ba, sai ya taru a sama ya malale. Wasu kuma murfinsu yana yoyo idan aka tsayar da su. A ganinmu buɗaɗɗen ya fi wa mai farawa, domin yana ba ka damar ganin man. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe a gindi alama ce inji yana cin kansa. Idan man ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ne ya shiga, galibi daga gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa. Wannan ya sa ya kamata mazubin ya kasance a goge tsaf kafin a fara. In ya zo da raga a sama, madalla, za ta tare notin idan ya suɓuce, kuma za ka kife filta a kai ta tsane.

Idan babu halin saye, jarka mai kauri ta lita 20 tana yi. A kwantar da ita, a yanke faffaɗan gefen da ke sama, a bar murfin a ɗaure tam; ta nan za ka tsiyaye daga baya. Ka tabbata ba ta taɓa ɗaukar fetur ba.

Kada ka bar man a buɗe ya kwana, don yara da dabbobi da ruwan sama. Bayan ka zuba sabo a inji, ka sa mazurari ka juye tsohon cikin galan ɗin da ya zama fanko, ka rubuta a jiki cewa tsohon mai ne. Ma'aunin da ke gefen galan zai nuna maka nawa ya fito. In ya gaza sosai, motar tana shan mai ko tana yoyo. Kada ka haɗa shi da man birki, ruwan lagireto ko fetur, domin masu sake tace shi ba sa karɓar gauraye. Ba a zuba shi a kwata ko a ƙasa, garejin da ke tara tsohon mai za ka kai. Ka sa safar hannu, don yawan taɓa tsohon baƙin mai yana cutar da fata, ka kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mazubin, da tsumma da ɗan yashi a kusa saboda abin da zai ɗiga.