Mai hoto, ina kafin alƙalaminka?

Wani matashi mai ɗaukar hoto a Bauchi ya rubuto mini. Iyalai yake ɗauka a waje: a harabar gida, a bakin madatsar ruwa ta Gubi, wani lokaci har Yankari. Aiki ɗaya naira 40,000, kuma sai ya kai hotuna ake biyansa. Kukansa shi ne da damina ruwa yana watsa masa aiki, da hunturu kuma hazo yana dusashe hoto, masu aikin su ce bai yi kyau ba, su rage kuɗi. Yana tambaya ko ya ci bashin naira miliyan 2 ya sayi kyamara mai jure ruwa da ƙura, har da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama.

Ƙanena, kada ka ci bashin nan. Duk matsalarka tana cikin magana ɗaya da ka faɗa a wuce: sai ka kai hotuna ake biyanka. Kai kaɗai kake ɗaukar asarar yanayi, su ko sisi ba su saka ba.

Daga Bauchi zuwa Wikki, cikin Yankari, ya haura kilomita 100. Ka sha mai, ka biya yaronka, ka ƙi karɓar aikin wani suna saboda ka riƙe musu ranar. Hadari ya haɗo, Alhaji ya kira ya ce, "Malam, ikon Allah ne, mu bari sai wani satin." Gaskiya ya faɗa, amma da kuɗin wa aka sayi man? Kyamarar miliyan 2 ba za ta hana Hajiya komawa mota ba idan yayyafi ya taɓa leshinta.

Na san wani mai hoto a Gombe, gwani ne, aka kira shi Dadin Kowa a watan Agusta, dangi guda sun taru daga garuruwa. Sau biyu yana zuwa ruwa yana korar su. Kafin zuwa na uku baƙi sun watse, maigidan ya daina ɗaukar wayarsa. Ba takarda, ba shaida, ga nauyin baki don abokin mahaifinsa ne. Kafin ƙarshen shekara gilashin kyamararsa ya sayar ya biya hayar shago.

Daga yau rabin kuɗi kafin ka rubuta rana, kuɗin mota kuma daban. Ka tura sharuɗɗa a rubuce ta WhatsApp, su amsa da "mun yarda": idan ruwa ya hana, za a ɗaga sau ɗaya kyauta, na biyu su sake biyan mota, idan sun fasa, kafin alƙalami ba ya dawowa. Wanda ya ce ka cika son kuɗi, bar shi ya tafi. Shi ne dama zai riƙe maka ciko.

Batun hazo kuwa, tun kafin a shirya ka nuna musu hoton da ka ɗauka a Janairu, su ga yadda sama ke fitowa fari fat, su zaɓa da idonsu. Kuma kai za ka yanke lokaci. A bazara, cikin Maris da Afrilu, kada ka yarda da rana tsaka: inuwa tana zama ƙarƙashin ido, kwalliya ta narke, yara su hau kuka. Da hantsi ko bayan la'asar, shi ke nan. Kada ka canza gilashi a fili iska na kaɗa ƙura, shiga mota ka rufe ƙofa. Babbar lema da leda mai kauri sun ishe ka yayyafi.

A kowane aiki ware naira 4,000 don gyara da goge kyamara. Ka yi damina ɗaya da hunturu ɗaya a haka, kana rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita, sannan ka turo mini littafin mu duba maganar sabuwar kyamara. Jirgin kuwa, ranar da wani ya buƙace shi ka ɗauko haya, ka sa a cikin kuɗinsa.