Zuwa El Chorro hawan dutse a watan Yuli

Malam ka ce kana Malaga a kasar Spain kana son zuwa El Chorro, kauyen nan na kusa da ake hawan dutse, a Yuli kuma baka taba hawan dutse ba. Gaskiya Yuli ba lokacinsa bane, rana tana gasa dutsen nan har hannu baya iya rikewa, masu hawa sunfi zuwa daga Oktoba zuwa Afrilu. Jirgin kasa daga Malaga yana tsayawa a kauyen amma duba lokaci tukun, jiragen basu da yawa a rana. Kar ka dauka hawan dutse da igiya daya ne da Caminito del Rey, ita wannan hanyar tafiyar kafa ce a gefen kwazazzabo, an sake budeta a 2015, tikiti kuma tun da wuri ake saye. Hawan kam nemi kwararren jagora, kar ka dogara da bidiyon YouTube wajen kulla igiya.